Mataimaki Kuma Magaji: Nazarin Kujerar Mataimakin Shugaban Ƙasa a Jamhuriya ta Biyu, 1979–1983

Ranar 1 ga Oktoba, 1979, aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari a Legas a matsayin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa mai cikakken iko, aka kuma rantsar da Dakta Alex Ekwueme a kan wata kujera da Nijeriya ba ta taɓa sanin irinta ba, wato ta mataimakin shugaban ƙasa. A ƙauyukan tsohuwar jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da ƙasar Jigawa ta yau, tun daga Sumaila da Gaya har Ringim da Haɗeja da Gumel, mutane ƙalilan ne za su iya kawo sunan wanda ya hau wannan kujera, domin abin da manomi ya dangwala wa yatsa a rumfar zaɓe alamar jam'iyya ce, ko makullin PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ko gida da masara na NPN, jam'iyyar Shagari. Duk da haka, kafin shekara huɗu ta cika, mutanen waɗannan ƙauyuka sun ga abin da sabon tsarin zai iya haifarwa fiye da yadda mazauna Legas suka gani, saboda a gidajen gwamnatin Kano da Kaduna ne aka gwada shi har ƙarshensa.

Giɓin da ya haifi kujerar

Jamhuriya ta Farko, wadda aka kafa ranar 1 ga Oktoba, 1963, ba ta da mataimakin shugaban ƙasa, ba ta kuma da mataimakin firaminista wanda kundin tsarin mulki ya san da zamansa. Dakta Nnamdi Azikiwe shugaban ƙasa ne na girmamawa, mulki kuwa yana hannun Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tanadin da aka yi shi ne, idan shugaban ƙasa ba ya nan, shugaban Majalisar Dattawa ya yi masa riƙon ƙwarya, idan kuma firaminista ne ba ya nan, shugaban ƙasa ya ɗora wani minista a kan aikin. Tsarin ba shi da aibu muddin ba a rasa mutanen biyu a lokaci guda ba, ga shi kuwa abin da ya faru ke nan a watan Janairu na 1966. Azikiwe yana ƙasar waje, shugaban Majalisar Dattawa Dakta Nwafor Orizu na riƙe masa kujera, sai sojoji suka ɗauke firaminista da asubahin 15 ga wata, aka kwana aka wuni ba a san inda yake ba. Ministocin NPC, jam'iyyar firaminista, sun gabatar da Zanna Bukar Dipcharima domin ya riƙe gwamnati, Orizu bai rantsar da shi ba, kuma a daren 16 ga wata ya sanar ta rediyo cewa an miƙa mulki ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi.

Ba na jin cewa takardar doka za ta tare bakin bindiga a wannan dare. Sai dai rashin mutum guda wanda zai miƙe ya ce doka ta riga ta ambace shi, ba sai wani ya naɗa shi ba, shi ya sa aka iya kiran abin da ya faru da sunan miƙa mulki. Shagari kansa minista ne a wannan gwamnati, saboda haka ya san wannan giɓi da idonsa.

Da Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin rubuta sabon kundi a watan Oktoba na 1975, ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, ya nemi a yi tsarin da za a zaɓi shugaban ƙasa da mataimakinsa, a kuma fayyace ikon kowannensu. Kwamitin yana tsakiyar aiki aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, na biyunsa Laftanar Janar Olusegun Obasanjo ya hau ba tare da ƙasa ta kwana biyu babu shugaba ba. Masu rubuta kundin sun ga 1966, sun kuma ga 1976, don haka ba abin mamaki ba ne da suka fi damuwa da tambayar wa zai gaji shugaba fiye da tambayar me mataimaki zai riƙa yi yayin da shugaba ke raye cikin ƙoshin lafiya.

Abin da kundin ya ba shi, da abin da ya hana shi

Kundin 1979 ya ɗaure mataimaki da shugaba tun daga takara, domin ba a karɓar takarar mai neman shugabanci sai ya fitar da abokin takara, kuma ƙuri'ar da ta zaɓi ɗaya ita ta zaɓi ɗayan. Wannan darasi ne da Amurka ta koya tun da wuri, bayan da zaɓen 1796 ya haɗa John Adams da Thomas Jefferson, 'yan jam'iyyu biyu masu hamayya, a matsayin shugaba da mataimaki, har aka gyara dokar a 1804. Amma Nijeriya ta ari tsarin Amurka ta bar wani abu guda a baya. A can mataimakin shugaban ƙasa shi ne shugaban Majalisar Dattawa, a nan kuwa majalisar ce ke zaɓen shugabanta daga cikin 'ya'yanta, kamar yadda ta zaɓi Dakta Joseph Wayas a 1979. Aikin din-din-din guda ɗaya da mataimakin Amurka yake da shi, na Nijeriya bai samu ba.

Abin da ya samu shi ne zama a majalisun ba da shawara. Shi ne shugaban Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi gwamnonin jihohi da gwamnan Babban Banki, yana kuma zama na biyu ga shugaba a Majalisar Magabata da majalisun tsaro. Ban da wannan, kundin ya ce shugaban ƙasa yana iya ɗora wa mataimakinsa ko wani minista duk aikin da ya ga dama, wato dai ya jera mataimaki da minista a layi ɗaya wajen karɓar aiki. Bambancinsu shi ne, minista ana sallamarsa da sanarwa guda a rediyo, mataimaki kuwa ba ya sauka sai ta hanyar da ake tsige shugaban kansa: sulusin 'yan majalisa su sa hannu a takardar tuhuma, biyu bisa uku su amince a bincika, shugaban majalisa ya naɗa mutum bakwai su yi binciken, sannan biyu bisa uku su sake amincewa da rahoton. Kundin ya kuma hana kotu sa baki a cikin wannan sha'ani. Haka aka kwafe tsarin kusan kalma da kalma aka ba gwamnoni da mataimakansu.

A nan ne, a ganina, tsarin ya zo wa mutanenmu da baƙon abu. Mutumin karkara ya san wakili, ya kuma san magaji, amma bai saba ganinsu a jikin mutum ɗaya ba. Idan hakimi ya yi tafiya, wakilinsa ke riƙe ƙasa yana sauraron dagatai da masu unguwanni, sai dai riƙon ba ya ba shi haƙƙin gado. Idan Sarkin Kano ya rasu, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ke zama su fitar da magaji daga gidan sarauta, su kansu kuwa ba sa neman gadon. A Sakkwato zuriyar Waziri Giɗaɗo ta daɗe tana riƙe da wazirci, kuma amincin da ke tsakaninta da Sarkin Musulmi ya ginu ne a kan sanin cewa waziri ba ya zama sarki. Sabon kundin ya haɗa mai taimako da mai jiran gado ya zaunar da su a kujera ɗaya, ya hana shugaba ikon korarsa, ya kuma bar wa shugaban ikon hana shi aiki. Duk wanda ya san halin ɗan Adam ya san irin zaman da wannan zai haifar idan zukata suka ɓaci.

Yadda aka fitar da abokan takara

Kundin ya ce ba wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa da yawan ƙuri'a kaɗai, sai ya haɗa da rubu'in ƙuri'un da aka jefa a aƙalla biyu bisa uku na jihohi, waɗanda a lokacin 19 ne. Wannan sharaɗi shi ya mayar da abokin takara abin auna shiyya kafin ya zama abokin aiki. Shagari ya ɗauki Ekwueme daga Anambra, Malam Aminu Kano ya ɗauki S. G. Ikoku, Azikiwe ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi kuwa Cif Obafemi Awolowo ya ɗauki Philip Umeadi daga ƙasar Ibo, ya fito da tikitin da babu ɗan Arewa a cikinsa. Shekara tara kacal da ƙare yaƙin basasa, ba ƙaramin abu ba ne a ce Ibo ya zama mutum na biyu a ƙasar, kuma wannan ma'ana ta sulhu ita ce amfanin farko da kujerar ta yi, tun kafin mai ita ya buɗe fayil guda.

Ekwueme, haifaffen garin Oko a 1932, masanin zanen gine-gine ne da ya yi karatu a Amurka ya kuma tara abin hannunsa ta hanyar sana'arsa. Ba tsohon ɗan siyasa ba ne mai rundunar magoya baya, hasali ma takarar gwamnan Anambra ya fara nema a NPN, C. C. Onoh ya kayar da shi. A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, Azikiwe ya kwashe ƙuri'un Anambra, Shagari bai samu ko rubu'i ba a jihar abokin takararsa. Jihohi 12 ne suka ba shi rubu'in da ake nema, ta 13 kuwa, wadda aka yi ta kai ruwa rana a kanta, ita ce Kano, cibiyar PRP, inda ya samu kusan kashi 20 cikin ɗari. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya kafa hujja cewa biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka rubu'in biyu bisa uku na ƙuri'un Kano ake buƙata, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da zaɓen ranar 26 ga Satumba. Ke nan ƙuri'un tsirarun 'yan NPN na ƙauyukan Kano, waɗanda maƙwabtansu ke yi wa kallon 'yan bayan sarakuna, sun fi ƙuri'un garin mataimaki tasiri wajen ɗora shi a kan kujerarsa.

Zaman lafiya a Legas

Shekara huɗu da wata uku da Ekwueme ya yi a ofis ba a taɓa jin wata ɓaraka a fili tsakaninsa da Shagari ba, har Shagari ya sake ɗaukarsa a zaɓen 1983. Akan danganta wannan da halin mutanen biyu, kuma gaskiya ne dukansu masu sanyin hali ne. Amma akwai dalilin da ya fi hali ƙarfi, shi ne tsarin rabon muƙamai na NPN, wanda ya ba Arewa shugaban ƙasa, ya ba Gabas mataimaki, ya ba Yamma shugabancin jam'iyya a hannun Cif Adisa Akinloye. Matuƙar jam'iyya na tsaye a kan wannan rabo, taɓa mataimaki taɓa shiyya guda ce, kuma shi kansa mataimakin ba shi da dalilin gaggawa, tun da ana sa ran mulki zai koma Kudu a 1987. Jam'iyya ce ta tsare masa kujera, ba sashen tsigewa na kundi ba.

Aikin da doka ta ba shi kuwa ba mai daɗi ba ne. Daga cikin gwamnoni 19 da ke zama a Majalisar Tattalin Arziki, bakwai kaɗai ne 'yan NPN. UPN ta Awolowo na da biyar, NPP ta Azikiwe uku, GNPP ta Waziri Ibrahim biyu, PRP biyu, wato Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna. Majalisa ce mai ba da shawara, ba ta da ikon yanke komai, a zamanin da jihohi da tarayya ke rigimar rabon arziki har gaban Kotun Ƙoli, farashin mai kuma ya faɗi har gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Mutanen karkara da suka sha wahalar tsadar shinkafa a waɗannan shekaru sunan Umaru Dikko suka sani, ministan sufuri kuma shugaban kwamitin shigo da shinkafa, domin a wurinsa ake ganin iko yake. Ko a gida ma matsayin Ekwueme ya samu mai ja da shi, bayan da gwamnati ta yi wa Odumegwu Ojukwu, tsohon madugun Biyafara, afuwa a 1982, ya dawo ya shiga NPN da farin jinin da mataimakin shugaban ƙasa bai taɓa samu ba a ƙasar Ibo.

Gwajin da aka yi a Kaduna da Kano

A Kaduna, jama'a sun ba PRP gwamna suka ba NPN rinjaye a majalisa. Majalisar ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da Balarabe Musa ya aika mata, har ya yi mulkinsa duka ba shi da kwamishina ko ɗaya, sannan ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Ya nemi kotu ta shiga tsakani, kotu ta ce kundi ya ɗaure mata hannu. Abin lura shi ne, duk da rinjayen da NPN ke da shi, ba ta iya ɗora nata a kan kujerar ba, domin doka ta riga ta ambaci magaji, shi ne mataimakin gwamna Abba Musa Rimi, ɗan PRP. A wannan karon kujerar ta yi aikin da aka ƙirƙire ta dominsa: ba a samu giɓi ba, ba a kuma juya zaɓin jama'a ta bayan gida ba.

A Kano lamarin ya zo a juye, kuma shi ne ya fi taɓa ƙauyukanmu. Gwamna Abubakar Rimi ya shigo da farin jini mai yawa a karkara saboda soke haraji da jangali, amma ba a jima ba PRP ta dare gida biyu, kuma cikin musabbaban rabuwar har da halartar da gwamnonin PRP biyu ke yi wa taron gwamnonin adawa tare da na UPN da GNPP, abin da shugabancin jam'iyya bai yarda da shi ba. Ɓangaren gwamna aka kira santsi, ɓangaren Malam Aminu aka kira taɓo. Dattawan da suka ga zamanin suna ba da labarin yadda rabuwar ta shiga kasuwannin ƙauye da majalisun ƙofar gida, wa da ƙane suka daina zama a tabarma ɗaya, alhali duka makulli suka dangwala wa a 1979. Mataimakin gwamna, Alhaji Ibrahim Bibi Faruk, ya tsaya a ɓangaren Malam.

Daga nan aka shiga halin da masu rubuta kundin ba su yi wa tanadi ba. Sun ɗauka cewa haɗa mutum biyu a tikiti ɗaya ya isa ya sa su zama abu ɗaya har ƙarshen wa'adi, ba su yi tunanin ranar da jam'iyyar da ta haɗa su za ta tsage a tsakiya, ta bar gwamna a gefe guda magajinsa a ɗaya gefen ba. Gwamna ba shi da ikon sallamar mataimaki, mataimaki ba shi da dalilin yin murabus tun da shi ma zaɓarsa aka yi, ga kuma misalin Kaduna ya nuna wa kowa cewa duk ranar da aka tsige gwamna, mataimaki ne zai hau. A idon 'yan santsi, Bibi Faruk ya zama ƙofar da taɓo za ta bi ta karɓe gwamnati ba tare da zaɓe ba. Shekarar kuma ta zo da zafi, domin a watan Yuli na 1981 ne takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero ta jawo tarzomar da aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Kafin shekarar ta ƙare, majalisar jiha, wadda ɓangaren gwamna ke da rinjaye a cikinta, ta tsige mataimakin gwamna, aka ɗauko Alhaji Abdu Dawakin Tofa aka maye gurbinsa.

Matakan tsigewa da aka tsawwala domin su kare mai kujera ba su kare shi ba, saboda dukansu a hannun majalisa ɗaya suke: ita ke tuhuma, kakakinta ke naɗa masu bincike, ita ke yanke hukunci, kotu kuma an rufe mata ƙofa. Duk ɓangaren da ya mallaki biyu bisa uku ya mallaki matakan gaba ɗaya. A Kaduna wannan rinjaye ya ci gwamna, a Kano ya ci mataimaki.

Labarin bai tsaya nan ba. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Tun da hukumar zaɓe ta FEDECO ɓangaren Malam ta sani a matsayin PRP, Rimi ya koma NPP domin neman wa'adi na biyu, ya kuma ajiye mulki a watan Mayu. Dawakin Tofa, wanda talakawa ba su zaɓa a matsayin gwamna ko mataimaki ba a 1979, shi ya zama gwamnan Kano har zuwa 1 ga Oktoba, lokacin da ya miƙa wa Sabo Bakin Zuwo na PRP, wanda ya kayar da Rimi. Cikin wa'adi ɗaya jihar ta ga mataimakin da aka zaɓa bai gaji kujera ba, wanda aka naɗa kuma ya gaje ta.

Bayan rushewar jamhuriyar

A matakin tarayya ba a kai ga gwada gadon ba. Juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, ya kawar da shugaba da mataimaki da kundin da ya haɗa su a dare ɗaya. An yi wa Shagari ɗaurin talala a gida, aka kai Ekwueme gidan yarin Kirikiri, lamarin da har yau ake tambayar hikimarsa, ganin cewa wanda aka fi tsanantawa shi ne wanda doka ba ta ba shi ikon sa hannu a kan komai ba sai abin da aka ɗora masa. Kwamitin Mai Shari'a Samson Uwaifo da ya bincike shi daga baya ya wanke shi, ya ce ya bar ofis da ƙarancin dukiya fiye da yadda ya shige shi.

Da aka kira taron tsara kundi na 1994 zuwa 1995, Ekwueme ne ya kawo shawarar raba ƙasar shiyya shida, shugabanci ya riƙa zagayawa a tsakaninsu, a kuma yi mataimaki daga kowace shiyya har da ta shugaban, domin idan shugaba ya rasu ko aka tsige shi, mataimakin da ya fito daga shiyyarsa ya ƙarasa wa'adin. Mutumin da ya fara zama a kujerar ya gane cewa wanda aka ɗauko domin daidaita shiyya, ranar da ya yi gado daidaiton ne zai fara rushewa. An karɓi shiyyoyin shida a aikace, aka bar maganar mataimaka.

Kundin 1999 ya dawo da mataimaki guda, sai dai ya ɗauke naɗin mutum bakwai masu bincike daga hannun shugaban majalisa ya ba alƙalin alƙalai. A watan Afrilu na 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Shugaba Obasanjo ba shi da ikon raba mataimakinsa Atiku Abubakar da kujerarsa saboda komawar da ya yi jam'iyyar AC. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya ranar 23 ga Nuwamba, 2009, ba tare da aika wa majalisa takardar miƙa riƙo ba, aka zauna babu mai riƙon ƙwarya har 9 ga Fabrairu, 2010, ranar da majalisa ta ɗora mataimakinsa Goodluck Jonathan a kan riƙo bisa hujjar larura, kuma da 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu, gardamar karɓa-karɓa da Ekwueme ya hango ta tashi a cikin PDP, jam'iyyar da ke mulki a lokacin. An gyara sashe na 145 aka ba majalisa ikon ɗora mataimaki a kan riƙo idan shugaba ya wuce kwana 21 bai aiko da takarda ba. Sashen da ya bar aikin mataimaki na yau da kullum a hannun shugaban ƙasa kuwa yana nan yadda aka rubuta shi a 1979.